Huɗu Cikin Goma

Editan mujallar nan maƙaryaci ne, kuma ba a ɓoye yake yin ƙaryarsa ba. A takarda mai sheƙi yake buga ta, ya sayar wa mutane duk wata.

Mujallar wasannin bidiyo ce. Yaransa su buga wasa, su rubuta sharhi, shi kuma ya zo a ƙarshe ya cike ɗan jan akwatin da ke ƙasan shafi, inda ake sa maki cikin goma. Kamfanin da ya sayi shafin talla, wasansa tara yake samu. Wanda bai saya ba, ko wasansa ya fi na kowa, shida ce rabonsa. Sunan da ke ƙarƙashin akwatin kuwa na wanda ya rubuta sharhin ne, ba na Edita ba. Wannan ɗabi'a ce ta kusa raba wasu yara biyu da ke son juna.

Saurayin yana cikin masu sharhin. Wata rana da yamma ya shiga shagon wasanni da ke bayan ofishinsu, idanunsa jajur saboda kallon allo, ya ajiye tsohon hannun wasansa a kan kanta.

"Sabo nake so. Wannan maɓallinsa ya mutu."

Yarinyar da ke bayan kantar ita ce autar mai shagon, kowa Auta yake ce mata. Ta ɗauki hannun ta jujjuya shi.

"Wannan ai ba mutuwa ya yi ba, kashe shi aka yi. Wasa kake bugawa ko ramuwar gayya?"

"Aikina ne." Ya nuna mujallar da ke buɗe a gabanta. "Shafin da kike karantawa ma nawa ne."

Ta dubi shafin, ta dube shi.

"Kai ne ka rubuta cewa mataki na uku yana buƙatar haƙuri mai yawa, sannan ka ba wasan tara? Malam, rubutunka hamma yake yi, makinka yana tafi. Wanne zan yarda da shi?"

Ya yi dariya. Ya manta rabon da ya yi ta. Ya biya, ya fita, ya bar tsohon hannun a kan kanta. Washegari ya dawo ɗauka, ko da yake ba shi da abin da zai yi da shi.

Daga nan ƙafarsa ta saba da shagon. Ita ta sa masa Mai Maki, shi ya sa mata Alƙaliya. Yakan zauna a kujerar roba kusa da talabijin ɗin gwaji, ta zuba masa shayi, ya ba ta labarin aikinsa: yadda ake miƙo masa wasan da aka yi shekaru ana ginawa a ce ya gama kafin a tafi maɗaba'a, yadda yake bugawa har babban yatsansa ya daina ji, yadda abin da ya fi so tun yana yaro ya koma masa kamar ɗaukar kaya.

Saƙonninsu ba su da tsawo.

"Mai Maki, ka ci abinci, ko har yanzu kana ceton duniya?"

"Duniya ta ƙi cetuwa, Alƙaliyata. Ke kaɗai ce abin da na kalla yau idona bai yi zafi ba."

"Wannan maganar na ba ta bakwai. Ka ci abinci ta zama tara."

Abbanta yana ganin komai ta saman tabarau. Mutum ne mai tsauri, kuma yana da hanyar aikinsa. Ba ya buga wasa, ba ya karanta sharhi. Duk wata yakan buɗe mujallar, ya bi jajayen akwatunan da yatsa, wasan da ya ga tara ya kira dillali ya ce a cika masa kanta. Dillalin nan saurayi ne mai ƙamshin turare da mukullin mota a yatsa, kuma ya daɗe yana nuna cewa ba kwali kaɗai ke kawo shi shagon ba.

Mai Maki ya san yadda Abba yake sayen kaya. Ya kuma san yadda Edita yake cike akwati. Ya haɗa biyun a ransa, ya yi shiru, don kunyar Auta yake ji, kuma ya gaji. Gajiya ba hujja ba ce. Laifinsa ke nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Sai aka kawo wani wasan yaƙi mai suna Gadar Ƙarfe. Farkonsa kyakkyawa ne, amma da an kai tsakiya, daidai kan gadar, sai hoton ya daskare, komai ya tsaya. Ya sake daga farko, ya sake, duk a wuri ɗaya yake maƙalewa. Ya rubuta haka, ya ce wasan huɗu ya cancanta. Da mujalla ta fito, layin maganar gadar babu shi, akwatin ya ce tara, a shafin da ke kallonsa kuma ga tallar wasan, shafi guda cur.

Abba ya cika kanta biyu da shi.

Ba a daɗe ba fayafayan wasan suka fara dawowa. Wani ya jefa nasa a kan kanta ya ce ashe shagon ma ya koma na 'yan damfara. Abba, wanda tun da ya buɗe shago ba a taɓa faɗa masa haka ba, ya tsaya yana ba sa'an ɗansa haƙuri. Dillali ya ce kayan da aka buɗe ba sa komawa, amma idan an zama 'yan gida, ai komai yana da sauƙi.

Da Mai Maki ya zo da yamma, kujerar robar ba ta nan.

"Ka fita," in ji Abba. "Wanda zai yi ƙarya a lamba ɗaya, me zai hana shi yi wa 'yata ita a ɗaki? Kada in ƙara ganinka."

Auta tana bayan kanta, ba ta ɗago ba. Saƙonta ya same shi kafin ya kai bakin titi.

"Ka san Abba lamba yake dubawa. Ka zauna a shagonmu, ka sha shayinmu, ba ka ce uffan ba."

"Huɗu na ba shi, Alƙaliyata. Edita ne ya mayar tara."

"Sunan wa ke ƙasa?"

Ya daɗe yana kallon wayar. Ya sa ta a aljihu ya nufi gida.

Washegari ya shiga ofishin Edita. Mutumin yana kishingiɗe a kujera, kwalayen kyautar kamfanoni jere a bayansa, ko ledarsu ba a cire ba.

"Ranka ya daɗe, ina so a buga gyara. Wasan nan ba ya ƙarewa."

"Yaro, zauna. Mutum nawa ne ke kaiwa tsakiyar wasa? Maki ba gaskiya ba ne, ba ƙarya ba ne, ra'ayi ne. Kana tsammanin masu karatu ne ke kunna mana fitilar nan?"

"To a cire sunana, a sa naka."

Edita ya yi dariya har da buga tebur. "Sunana? Ni ai ba na buga wasa."

Mai Maki ya ciro katin shiga ofis daga wuyansa ya ajiye a kan teburin. Ba ya jin jarumta ko kaɗan. Abin da yake ji kawai shi ne barci.

Ya yi kwanaki a gida. Mahaifiyarsa ta gaji da ganinsa a kwance, ta ce masa, "Barin aiki bai wanke ka a wajen mutanen nan ba. Wanda ka ɓata wa rai yana shago, ba a kan katifa yake ba. Tashi."

Ranar Asabar ya je, lokacin da shagon ya fi cika. Dillali yana nan, ya jingina da kanta yana kaɗa mukulli. Fayafayan Gadar Ƙarfe suna jere har sama, ƙura ta fara hawansu. Abba ya gan shi, ya yi kamar zai kore shi, sai kuma ya ja shi gefe, ya rage murya.

"Na ji ka bar aikin. Wannan bai rage min kaya ko ɗaya ba. Kana son 'yata?"

"Ina sonta, Abba."

"To taimake ni in rabu da su. Sunanka ne a kai. Ka tsaya nan, duk wanda ya tambaya ka ce yana da kyau. Ran da kantar nan ta zama wayam, mu yi magana."

Ya dubi Auta. Ta ji komai. Tana riƙe da tsumman goge gilashi, ba ta gogewa.

Wata mata ta ɗauko faifan, ta ce ɗanta ya ci jarrabawa, ta yi masa alkawarin wasa. "Wannan yana da kyau?"

"Ga wanda ya ba shi tara nan," in ji Abba da ƙarfi. "Tambaye shi."

Mutane suka juyo. Dillali ya ƙyafta masa ido. Abu ne mai sauƙi, kalma uku ce, kuma ya yi shekaru yana barin a faɗe ta da sunansa.

"Hajiya, ajiye shi," ya ce. "Huɗu ne cikin goma. Yana kaiwa tsakiya yake tsayawa, yaron zai yi kuka. Tarar da ke mujalla ƙarya ce, kuma na san za a yi ta, na yi shiru. Shekarar ɗan naki nawa?"

Ta faɗa. Ya sunkuya can ƙasan kanta ya ciro wani tsohon wasan gine-gine da mujallar ta ba shida. "Wannan zai yi ta bugawa har ki riƙa ƙwace hannun."

Matar ta saya. Wasu biyu da ke riƙe da Gadar Ƙarfe suka mayar a hankali. Dillali ya yi tsaki, ya ce wannan ai zagon ƙasa ne, ya fice.

"Ka san abin da ka yi min?" in ji Abba.

"Na sani, Abba. Ka yi haƙuri." Ya juya zai tafi.

"Wa ya sallame ka?"

Abba ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Daga baya ya sha faɗa cewa shi kansa bai san ko gwaji ya yi ba, don da gaske yana son kayan su tafi. A ranar dai abin da ya ce shi ne, "Auta, dawo masa da kujerarsa. Kai kuma ka ce wa iyayenka ina son ganinsu. Yaron da zai iya ɓata min ciniki a gabana, zai iya faɗa mata abin da ba ta son ji."

Auta ta ajiye kujerar da ɗan ƙarfi. "Ban gama fushi ba," ta ce, tana zuba shayi.

Fayafayan nan ba su sayu ba, a kwali suka ƙare. Amma kusurwar talabijin ta zama wurin aikinsa. Duk mai saye sai ya gwada, shi kuma ba ya ba da lamba. Yakan tambayi wa zai buga, me yake so, yaushe yake gajiya, sannan ya faɗi abin da ya gani. Abba ya daina bin jan akwati da yatsa.

An ɗaura auren ba tare da hayaniya ba. Abba ya dafa kansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya tsare bakinsu daga yi wa juna ƙarya ko da ta lallashi ce. Iyaye mata suka ce amin suna share ido.

A mota, tana zaune kusa da shi, sai wayarsa ta yi ƙara.

"Angona, nawa ka ba ni cikin goma?"

Ya rubuta: "Na daina ba da maki kafin in kai ƙarshe. Ki tambaye ni idan mun tsufa."

Ta karanta, ta kwantar da kanta a kafaɗarsa. Allah ya bar su tare.

Edita kuwa, maganar da aka yi a shagon nan ta zaga sauran shaguna. Masu karatu suka daina saye, kamfanoni suka janye tallarsu, don ba mai biyan kuɗin tarar da ba a yarda da ita ba. Mujallar ta rufe. Yanzu yana da ɗan tebur a bakin tasha yana sayar da cajar waya, kuma duk wadda ya ce tana da kyau, sai mai saye ya ce a jona ta tukuna ya gani.