Layin Da Za A Rufe Ƙarfe Huɗu

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na safe wata dattijuwa ta shigo ofishin 'yan sanda, ta ɗora jakarta a kan kanta kamar mai shirin kiran sunayen 'yan aji.

"An yi min sata," ta ce wa Saje.

"Me aka sace, Mama?"

"Ambulan."

"Nawa ne a ciki?"

"Ko sisi. Takarda ce guda ɗaya."

Saje ya ajiye biro, ya fara irin murmushin da 'yan sanda ke yi wa mai ƙarar ɓatan kaza. Bai san da wa ya gamu ba. Shekara talatin da biyu matar nan ta yi tana shugabantar makarantar firamare, har yau Malama kowa ke ce mata, kuma ba a yi mata murmushi sai da izini.

"Rufe haƙoranka ka rubuta," ta ce. "In ba ka iya ba, kira min wanda ya iya."

Sufeto na jin su daga ofishinsa. Mutum ne da abu biyu ke ɓata masa rai a duniya: hawan bene, da a ce masa magana ƙarama ce. Ya fito ya ba ta kujera.

Bayaninta babu kwana-kwana. Jiya ta tashi daga gidan da ta shekara talatin a ciki, ta koma wani bene kusa da 'yarta. Kamfanin da ke ba ta layin wayar girke ba ya kaiwa sabuwar unguwar. Kamfanoni uku ne a can. Biyu na da araha, ga intanet mai gudu, amma dole sai da sabuwar lamba. Na ukun ya fi tsada, intanet ɗinsa tafiyar hawainiya yake yi, sai dai ya yarda ya ɗauko mata tsohuwar lambarta. Shi ta zaɓa, duk da 'yarta da surukinta sun yi ta magana har bakinsu ya bushe.

"Tsohon kamfanin ya ba ni takarda mai lambobin sirri," ta ce. "Ita zan miƙa wa ma'aikacin sabon kamfani in ya zo haɗa waya yau da yamma. Na sa ambulan ɗin a ƙarƙashin wayar, cikin kwali. Yau na buɗe, waya na nan, ambulan ya yi ƙafa."

"Duk wannan wahalar a kan lamba, Malama?"

"Ina da ɗa, Auta. Shekara tara ke nan da ya yi faɗa da babansa ya fice da rigar jikinsa. Baban ya rasu, bai ma sani ba. Wayar hannu na canza sau uku, ga shi yanzu na canza gida. Lambar nan kaɗai ya haddace, tun yana aji ɗaya na sa ya haddace ta. In ta mutu, ta ina zai same ni?"

"Ya taɓa kira?"

"Bai kira ba tukuna."

Sufeto ya ji yadda ta danna kalmar tukuna, ya ɗauki hularsa.

Sabon gidan Malama a hawa na biyu yake, matakala ashirin da shida, Sufeto ya ƙirga su yana tsine wa wanda ya zana gidan. Falon cike yake da kwalaye, labule ko ɗaya ba a rataya ba. Wani mutum mai tumbi yana durƙushe yana haɗa ƙafar tebur. Surukin Malama ne.

"Wa da wa suka shigo nan jiya?" Sufeto ya tambayi Malama.

"Masu kwasar kaya uku, wannan surukin nawa, sai wani ɗan tallan kamfani da ya ishe ni da takardu."

"Matarka fa?" ya juya ga surukin.

"Tana asibiti, ranka ya daɗe. Nas ce. Jiya tun safe ta fita, ba ta leƙo nan ba sai da muka gama." Ya faɗa da sauri, yana kallon ƙafar tebur. "Ni dai da za a bi tawa, ɗan tallan nan za a kama. Sau huɗu Inna tana korarsa."

Sufeto ya bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Masu kwasar kaya da haƙori suke yanke salatif, kowane baki a yage yake, a tauna. Kwalin wayar kuwa salatif biyu ne a kansa. Na saman an yanke shi da almakashi, tsaf, sannan an ɗan lanƙwashe bakinsa ciki yadda mai ɓarewa zai sami abin kamawa.

Ɓarawo mai ladabi ke nan, ya yi sata kuma ya sauƙaƙa wa mai kaya buɗewa.

Ɗan tallan na bakin ƙofar gidan a ƙarƙashin wata lema mai tambarin kamfaninsu, yana yi wa masu wucewa alkawarin intanet da ya fi walƙiya.

"Ka hau sama jiya?"

"Ni? Ko matakala ɗaya ban taka ba, yallaɓai."

Sufeto ya zaro takardar talla daga aljihu. "Wannan a ƙasan ƙofarta na tsinta. Fukafukai gare ta?"

Ɗan tallan ya haɗiye yawu. "To, na hau. Da rana tsaka, lokacin da motar kaya ta koma ɗauko sauran. Tsohuwar da surukinta duk sun bi motar. Na ce bari in zura takarda ko Allah zai sa ta sake shawara."

"Sai me?"

"Na ji motsi a ciki, kamar ana jan kwali. Na ƙwanƙwasa, sai aka yi tsit. Na sake, shiru. Na zura na sauko."

"Ƙofar a ɓalle take?"

"Lafiyarta lau, a kulle. Wallahi yallaɓai, ni ciniki nake nema. Matar da ta ce min gara ta jira hoto ya buɗe har gobe da ta saki lambarta, me zan sace mata?"

Mai makulli ne ke nan ya shiga. Sufeto ya bar shi da lemarsa.

A ofishin tsohon kamfanin, akawun da ke bayan gilashi ya latsa kwamfuta, ya gyara tabarau.

"Sabuwar takardar sirri sai bayan kwana biyar na aiki," ya ce. "Amma babu amfani. Yau ƙarfe huɗu za a rufe layin."

"Ita ta ce sai ƙarshen wata."

"Da haka ne. Jiya da rana aka kawo fom cewa a rufe yau. Da an rufe, lambar ta koma rumbunmu, ba ta dawowa. Sai dai in sabon kamfani ya shigar da lambobin sirrin kafin huɗu, to shi ke nan ta tsira."

"Wa ya kawo fom ɗin?"

"Wata mata, da takunkumi a fuska. Ta ce mai layin ba ta da lafiya."

Sufeto ya sa aka kawo fayil ɗin gaba ɗaya. Takardun shekara talatin, kowace da sa hannun Malama da jan biro, irin na masu gyaran jarrabawa. Ta jiya ce kaɗai da shuɗi. An kwaikwayi rubutun da kyau, an manta da biron.

"In jabu ne," akawun ya ce, fuskarsa ta sauya, "kamfani zai shigar da ƙara da kansa. Ba ma yafe wannan."

"Rubuta ƙarar," Sufeto ya ce. Agogon bango ya nuna biyu da rabi.

Ya sake hawa matakala ashirin da shida, ya faɗa wa Malama maganar fom ɗin, da cewa ƙarfe huɗu za a rufe layin. Malama ta fito da wayar daga kwali ta ɗora a kan teburin da aka gama haɗawa, tana goge ta da ƙyalle, wayar da ko igiya ba a sa mata ba. A nan ya lura da filastar da ke ɗan yatsanta. An naɗe ta tsaf, bakinta a lanƙwashe ciki.

"Wa ya ɗaura miki wannan?"

"'Yata. Gilashin hoto ne ya yanke ni. Haka suke ɗaurawa a asibiti, don a ji daɗin cirewa."

"Yaushe?"

"Jiya, da muka dawo da kaya zuwa na biyu. Na tarar da ita a nan, ta leƙo daga wurin aiki."

Surukin ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yar da allura.

"Ba ki faɗa min ta zo ba, Malama."

"Ka tambaye ni wa ya shigo. Ita ai kullum tana nan."

Uku da rabi aka ƙwanƙwasa. Ma'aikacin sabon kamfani ne da akwatin kayan aiki da naɗin waya a kafaɗa. Bayansa Nas ce, cikin fararen kayan aiki, da jaka a hannu da ledar magungunan uwarta. Ta ga Sufeto, ta ga mijinta, ta ajiye ledar a hankali.

"Kin taɓa kwalin wayar nan jiya?" Sufeto ya tambaya.

"Ban taɓa kwalin kowa ba."

"Wa ke da makullin gidan nan?"

"Inna, da mijina, da ni."

"Su biyun suna cikin motar kaya lokacin da aka ji motsi a nan." Ya ɓaro salatif ɗin daga kwali, ya riƙe shi kusa da yatsan Malama. Baki biyu, lanƙwasa iri ɗaya. "Hannu ba ya manta aikinsa. Kuma Malama ba ta sa hannu da shuɗin biro."

Nas ta dubi salatif ɗin, ta ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta buɗe jaka, ta zaro ambulan, ta riƙe shi a ƙirji.

"Ni na ɗauka. Ni na cike fom ɗin. Kuma kada kowa ya jira in ce na yi nadama."

"Ke?" Malama ta ce. Muryar da ta shekara talatin da biyu tana tsayar da yara ɗari biyar a layi ta fito 'yar siririya.

"Ni, Inna. Shekara tara kina gadin wannan baƙar wayar. Ranar da aka yi min aiki na haifi 'yata, ba ki zo ba, kin ce kada a kira ba kowa. Likita ya ba ki ranar duba ido sau uku, kin ƙi fita. Jikarki ta zo da sakamakon jarrabawa, kin ce ta yi magana a hankali kada ƙarar waya ta wuce ki. Ni ke kawo magani, ni ke wanke miki ƙafa, ni na nemo gidan nan don ki matso kusa da mu. Na ce in an tashi, za a bar wayar a can tare da ƙurar gidan. Sai ga shi kin zaɓi kamfanin da ya fi kowa tsada da nawa, don dai ki ɗauko kabarin ki kawo min unguwa."

"Ɗan'uwanki bai mutu ba."

"Ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Abin da na sani, ni ina raye."

Ma'aikacin kamfani ya dubi agogonsa, ya yi gyaran murya. "Mama, saura minti ashirin da biyar huɗu ta cika. In babu takardar, in tafi."

"Me ya hana ki ƙona shi?" Sufeto ya tambayi Nas.

"Sau biyu ina kunna ashana." Ta ɗaga kafaɗa. "Uwata ce."

Malama ta miƙa hannu, hannun da ke da filastar. Ba ta roƙa ba, ba ta iya ba. Nas ta dube ta tsawon lokaci, sannan ta ɗora ambulan a kan teburin, ba a hannun ba.

"Dole ki biyo ni," Sufeto ya ce wa Nas. "Maganar ambulan ta gida ce, amma sa hannun jabu ƙarar kamfani ce. Malama, in kika zo yanzu kika yi bayani, zai taimaka mata a gaban shugabanmu."

"Sai mai layi tana nan zan haɗa," ma'aikacin ya ce. "Ita za ta sa hannu, ita za ta amsa kiran gwaji."

Malama ta dubi 'yarta. Ta dubi wayar. Sufeto ya ga shari'o'i da yawa, amma wannan ta ba shi tausayi har ya kawar da kai.

"Ku yi gaba," ta ce. "Ina zuwa da an gama."

Nas ta gyaɗa kai kamar wadda aka karanta mata sakamakon da ta riga ta sani. Ba a sa mata ankwa ba. Ita ta shige gaba a matakala, kanta a sama, mijinta na bin su yana ta ba Sufeto haƙuri.

A ofis, Saje ya buɗe littafin bayani. Ƙarfe biyar ta wuce, Malama ba ta zo ba. Sufeto ya tura wa Nas wayar da ke kan teburinsa.

"Kina da damar kiran wani."

Ba ta duba komai ba, ta latsa tsohuwar lambar gidansu da ka. Ita ma tun tana aji ɗaya aka sa ta haddace ta.

Layin ya shiga. Ko ƙara ɗaya bai cika ba aka ɗaga, kuma muryar ta fito da ƙarfi har Sufeto ya ji daga inda yake zaune.

"Auta?"

Nas ta riƙe kan wayar a kunne na ɗan lokaci. Sannan ta mayar da shi mazauninsa a hankali, ta jawo littafin bayanin gabanta.

"Sufeto," ta ce, "a ina zan sa hannu?"