Ɗuri Ɗaya a Bindigar Kaka

A wani zamani, can a wani ƙauye bakin daji, wani tsohon maharbi ya ba jikansa kyautar bindigar toka. Tsawonta kuwa, in yaron ya saɓa ta, bakinta kan isa kasuwa gindinta bai bar zaure ba.

Tsoho ya ce, "Kai mai ƙaton kai, ɗuri ɗaya na yi mata. Je ka nuna mini kai maharbi ne, in ba haka ba in karɓe abata."

Yaro ya shiga daji. Ya ga zabuwa kwance kan ƙwai, ya ɗaga bindiga, ya sauke. Ya ga barewa tana ba ɗanta nono, ya ɗaga bindiga, ya sauke. Ya ga ciyawa na motsi, bai ga mai motsin ba, ya ɗaga bindiga, ya sauke. Sai ga wata tsohuwa ta fito da itace a ka.

Ya dawo gida gabansa na faɗuwa.

Tsoho ya ce, "Ina naman, sarkin baka?"

Yaro ya faɗi duk abin da ya gani, ya miƙa bindiga yana ƙwalla.

Tsoho ya kifa bakinta ƙasa, sai ga garin kuka yana zuba. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Kwashe ka kai wa kakarka ta kaɗa mana miya. Ungo albarushi na gaske, bindiga ta zama taka."

Yaron nan ya tsufa, amma duk ran da aka ajiye masa miyar kuka, sai ya yi wa kakansa addu'a kafin ya sa hannu.