Awon Cikin Mai Jego

Ranar Litinin da hantsi, a shekarar 1983, Baffa ya shigo ɗakin shan magani na masaƙarsu da ke Challawa, yana tallafe da matarsa Rahamatu. Zazzaɓi ya hana ta tsayuwa. Sauda, akawun wurin, ta zaro katin matar daga akwati, ta tarar an ja masa jan layi.

Dokar kamfani a fili take. Ƙaramin ma'aikaci na dindindin, shi da matarsa da 'ya'yansa, maganinsu kyauta ne. Wanda ya ba da aron kati kuwa, a soke gidansa duka. Katin ba shi da hoto, domin mazaje sun ƙi a ɗauki matansu. Miji ke karɓo takarda daga ofishin ma'aikata, matar ta zo da ita.

"Wa ya soke?" in ji Sauda.

"Manaja," in ji Sista Asabe, mai ba da magani. "Ni na kai ƙara. Mata biyu na gani a katin nan, doguwa da gajera. Ko roba ce Rahamatun ai ba ta yi haka ba."

Wadda ta kai ƙara da ƙafarta ba ita ce ɓarauniyar ba. Sauda ta juya ga mijin.

"Malam Baffa, wa ka ba aro?"

"Wallahi ban ba kowa ba. Wata guda ke nan tana gidansu a Gwarzo, haihuwar fari. Jiya aka dawo min da ita, wankan ma bai cika ba."

Sauda ta buɗe rajista. An rubuta Rahamatu ta zo awon ciki kwana tara bayan suna.

Ta kasa zama. Shekara uku tana wannan teburi ana ce mata 'yar boko mai kai a sama, ba ta taɓa sunkuyar da shi ba. Ta zazzage akwatin, tana gwada kati da rajista, nishin Rahamatu na shigowa ta taga. Ta ware katuna bakwai. Duk na masu haihuwar fari ne, duk an ci da su lokacin da matan ke gidan iyayensu.

Ta koma wurin Baffa. "Wa ka gaya wa ta tafi gida?"

"Babu. Sai dai da na kai goron suna ofis, Malam Isyaku ya tambaye ni ko na fari ne."

Malam Isyaku, akawun ma'aikata, shi ke sa hannu a takardun. Bai ko ɗago ba da Sauda ta shiga ofishinsa.

"Malam, ku kuka ba da waɗannan?"

"Mazajen suka nema. Ke kuma yaushe kika zama 'yar sanda?"

"Tun da hantsi."

Zato ba shaida ba ne. Ta koma teburinta ta jira, tana kallon ƙofa. Gab da azahar wata mai tsohon ciki ta miƙo takarda da sunan ɗaya daga cikin bakwai ɗin.

"Barka da arziki," in ji Sauda. "Ya jariri?"

"Wane jariri kuma?"

"Wanda kika haifa makon jiya."

Matar ta fashe da kuka. Sunanta Mairama, mijinta lebura ne na wucin gadi, ba shi da kati. A ƙofar gidan Malam Isyaku a Kumbotso ya sayo takardar.

A gaban manaja da Malam Isyaku Sauda ta baje katunan.

"Ranka ya daɗe, mai haihuwar fari gidansu take tafiya, sai ta yi arba'in ko fiye. Katinta na nan ba mai nema. Goron suna ke gaya wa Malam wadda ta tafi. Abin da bai lissafa ba, zazzaɓi ya dawo da ɗaya kafin lokaci."

"Yarinyar nan ba ta da kunya!" in ji Isyaku.

"Ina da ita, Malam. Shi ya sa har yanzu nake ce muku ku."

Manaja ya aika a kira 'yan sanda. Sauda ta tura masa katin Rahamatu da biro, ta tsaya a kansa har ya goge sokewar.

Ba ta tsaya ganin an tafi da Isyaku ba. Da gudu ta tsallake harabar, tana ɗaga katin sama.

"Sista, haɗa allura! Malam Baffa, shigo da ita."