Mai Lambu da Yajin Jego

A wani ƙauye na bakin fadama, an yi wani mai lambu da ya sha ban-ruwa duk rani, har attaruhunsa ya nuna jawur. Sai ’yarsa ta haihu. Matarsa ta ce za ta kyafa attaruhun a hayaƙi, ta daka yajin jego kafin ranar suna.

Da za ta tafi gidan mai jego, ta baza shi a kan raga, ta ce, "Malam, ka lura da shi. Ɗanyen itace za ka..."

"Ai na sani."

"Kuma kada wuta ta..."

"Ai na sani!"

Ya zauna, ya ga hayaƙi na tashi a hankali kamar mai jin barci. Ya ce wannan ai wasa ne. Ya ɗebo busasshen kara ya cusa, ya yi ta fifita. Wuta ta tashi, attaruhu ya yi baƙi ƙirin. Hayaƙi ya bi gida-gida, liman na tari, awaki na atishawa, maƙwabciya na ihu ta katanga: "Wa muka yi wa laifi?"

Matar ta dawo ta tarar da shi yana hawaye. Ya tafi lambu, ya tsinto ɗan abin da ya rage, ya durƙusa a gabanta.

"Uwargida, yaya ake yi?"

Ta jera ɗanyen itace, ta hura wuta, ta dubi inda iska ke kaɗa hayaƙin, ta nuna masa wurin.

"Zauna can, Malam. Daga can aka fi ganewa."