Koren Kifi Mai Ɗigon Zinare

Ana gab da magariba Maharazu ya kashe sabon baburinsa a bakin tafkin da ke bayan Tafoki, zuciyarsa na tafasa.

Shekarar da kuɗin Udoji, ƙarin albashin ma'aikata, ya fito, abokan aikinsa rediyo da agogo suka saya. Shi kuwa haukansa ɗaya, tara kifayen katako masu ƙugiya, irin waɗanda Turawan mulkin mallaka suke fatsa da su. Ya bi tsofaffin kukun Turawa daga Ƙanƙara har Sabuwa, ya cika gwangwanin biskit. Guda ɗaya ya gagare shi, kore mai ɗigon zinare, wanda aka daina yin fentinsa tun kafin 'yancin kai. Sai yau da rana Goggo, ƙanwar mahaifinsa, ta yi suɓul da baka. Ashe marigayi mahaifin nasa yana da irinsa, kuma da hannunsa ya rataye shi a ɓauren bakin tafki.

"Fansarka ce, Maharazu," in ji Goggo. "Kana ɗan yaye ka nutse a ruwan nan. Ya ba mutanen ruwa abin da ya fi so, suka maido ka. Kada ka tahi."

"Gadona ne, Goggo! Ni ina yawo gari-gari kamar mahaukaci, ku kun bar ma kwaɗi shi?"

Da wannan fushin ya iso, ko addu'a bai yi ba.

Wurin yana ƙarnin taɓo da ruɓaɓɓen ganye. Ya hango kifin nan take, yana lilo a reshen da ya sunkuya kan ruwa. Shekara da shekaru yana shan rana da ruwan sama, amma fentin yana ƙyalli kamar yau aka fito da shi daga kanti. Mai hankali a nan zai juya. Maharazu sai ya ƙara hasala, ya naɗe wando, ya shiga har gwiwa yana tsaki.

Kwaɗin suka yi tsit gaba ɗaya.

Ya miƙa hannu ya cafke kifin. Sanyi ƙalau. Kuma yana motsi a tafinsa.

Ƙugiyar ta shige babban yatsansa har ƙashi.

Sai a lokacin ya lura zaren ba a reshe yake ɗaure ba. Ya dai bi ta kan reshen ne ya gangara cikin ruwa. Aka ɗan ja, aka saki, aka sake ja, yadda gwanin fatsa yake gajiyar da kifi.

Ruwa ya kai masa ƙugu.

"Wane ɗan banza ne nan?" ya daka tsawa.

Daga ƙarƙashin saiwoyin ɓauren aka amsa da raɗa, ba ko fushi.

"Ka zo amsar naka?"

Ruwa ya kai ƙirji.

"To, mu ma mu amshi namu."

Wasu yatsu masu santsi suka kama idon sawunsa. Ya zaro wuƙar aljihu ya yanki zaren. Bai yanku ba. Ya sake. Ko gezau.

Ruwa ya taɓa haɓarsa.

Ya ambaci Allah, ya ɗora wuƙar kan yatsansa, ya danna.

Da rarrafe ya fito, yana aman taɓo. Manoma masu komawa gida suka tsince shi.

Da ya warke, ya kwashi gwangwanin nan kaf ya zazzage a tafkin, yana zagi, wai su ci su ƙoshi su rabu da shi. Washegari aka ishe kifayen jere a bakin ruwa, ba wanda ya ɓata. Ba su suke so ba.

Koren yana nan a reshensa har yau. Waɗanda suka leƙa sun ce a cikin ɗigon zinaren an samu ƙarin guda ja.

Maharazu bai huce ba, har ya tsufa yana cewa an cinye masa gado. Amma in zai yi alwala, sai ya sa an zuba masa ruwan daga sama. Ba ya yarda ya tsoma hannu ko a ƙwarya.