Surukin Mama Mai Cin Gidan Marayu

Ranar da ta fara aiki a ɗakin kwalliyar 'yan fim, shi aka fara zaunar mata a kujera. Duk mai talabijin ya san fuskar nan: shi ne mugun kawun da ya cinye gidan marayu a shirin da ake nunawa duk mako. Sai ga mugun yana sunkuyar da kai yana ba ta haƙuri wai ya zo da gumi. Kafin ta gama haɗe masa gira, zuciyarta ta riga ta yi nata aikin.

Tana kiransa Muguna, shi kuma yana kiranta Sarauniyar Hoda. Soyayya ta yi nisa, ya turo magabatansa.

A nan aka ci karo da Mama. Ita fa ba ta rasa shirin ko sau ɗaya, kuma ba ta taɓa kallonsa ba tare da ta tsine masa ba. Ta ce mutumin da ya iya zare ido haka, a jininsa abin yake, ba za ta ba shi marainiyar 'yarta ba. Ga ɗan ƙawarta mai kantin magani, yaro salihi.

Da yamma saƙon mugun nata ya shigo: "Sarauniyata, zan roƙi darakta ya kashe ni a shirin. Na fi son ki da kowace kyamara."

Ranta ya ɓaci sosai. Ta tuna telan da ke ɗinka kayan wasa, da kafinta, da direbobi, da bazawarar da ke dafa wa ma'aikata abinci tana biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta. Idan mugu ya mutu, shirin ya mutu.

Ta mayar masa: "Ba za ka mutu ba, Muguna, kuma ba zan auri mai magani ba. Ka bar ni da Mama."

Ta yi ta naci har Mama ta yarda ta bi ta wurin aiki, da niyyar ta wanke shi tas a gaban mutane. Suka tarar ana ɗauka, yana daka wa wata tsohuwa tsawa. Mama ta miƙe a fusace, 'yarta ta riƙe mata mayafi. Darakta na cewa a tsaya, sai mugun ya durƙusa gaban tsohuwar yana neman gafara, ya gyara mata takalmi. Tsohuwar ta gaya wa Mama kullum haka yake, har ya gundure ta. Ta ƙara da cewa a unguwarsu wani ya sakar wa 'ya'yan ɗan'uwansa gonarsu, don yara sun fara kwatanta shi da wannan kawun.

Suka koma gida. Washegari Mama ta ce ya sake turo magabatansa.

Ranar ɗaurin aure ya zo gaishe ta, ya zube a gabanta. Ta dafa kansa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Na ba ka amanar marainiyata. Amma ka ji ni da kyau, ɗana, gidan yaran can sai ka mayar musu."

"In Allah ya so, Mama," in ji shi. "Zan gaya wa darakta umarninki ne."