Kofin da Ya Cika Har Baki

Duk sanda inabi ya nuna a garinmu Margilan sai na tuna gidan maƙwabciyata Kholida, da zaman da muke yi kan gadon katako a ƙarƙashin rumfar inabinta. Allah sarki, yanzu an sare rumfar an yi garejin mota a wurin. A kan gadon nan ne, wata Alhamis, Zarnigor matar ɗanta Davron ta yi abin da ya kusa kashe mata aure.

Mu shida ne mata, har da yayar Kholida da ta zo daga Kokand. Zarnigor ta fito da butar shayi, ta rusuna, ta fara zubawa. Kowa ya san kelin ta gari, wato matar ɗa, ɗan kaɗan take zuba wa baƙo don ta yi ta ƙara masa. Cika kofi kuwa, sha ka ba mu wuri ke nan. Yarinyar nan ta cika kofin tsohuwar yayar Kholida har yana tsiyaya a shimfiɗa, ta miƙa tana murmushi.

Tsohuwa ta ce, "To kelin, na ji. Bari in nemi takalmina."

"Wallahi ban lura ba, ku yi haƙuri," in ji Zarnigor.

Da ma Kholida a cike take. Wata uku ke nan yarinyar da ke share ƙofar gida tun kafin rana ta fito ta koma kwanciya, wai ciwon kai. Amai da safe, muka yi ta murna mun ɗauka ciki ne, ashe babu. Ga wuce manya a hanya ba gaisuwa. Ni kaina ta taɓa wuce ni kamar ta wuce turmi, kuma ba zan ɓoye ba, har da bakina cikin masu zuga.

Da Davron ya dawo daga rinin siliki, hannu duk shuɗi, uwar ta tare shi a tsakar gida.

"Ka mayar da ita gidan ubanta, ka sawwaƙe mata."

"Oyijon," in ji shi, don haka muke kiran uwa, "shekara biyu ba ku taɓa kuka da ita ba."

"Kwanton ɓauna ta yi mana. Ko ni ko ita."

Bai iya musu da uwa ba, bai kuma iya furta saki ba. Ya kai ta gidansu yana hawaye, ya roƙi uwar ta ba shi wata ɗaya.

Ran kwana na tara ya je dubo ta da burodi mai zafi. Ya same ta zaune tana tsince shinkafa. Ya tsaya a hagunta, kusa har yana jin numfashinta, ba ta ɗago ba. Zuciyarsa ta yi baƙi, ya ce ashe gaskiyar Oyijon ce. Ya zagaya ta dama zai ajiye burodin ya tafi, sai ta zabura, fuskarta ta washe.

"Davron aka! Yaushe kuka shigo?" Aka, wato yaya, haka mace ke girmama miji a wurinmu.

Ya fasa tafiya. Ya kai hannu gefen hagunta. "Yatsu nawa na ɗaga?"

"Ina hannun?"

Sai ta fashe da kuka. Ta ce ta daɗe tana karo da ƙofa, tana zuba abu ya wuce inda take nufi, amma tsoro ya hana ta faɗa, kada a ce ƙaryar ciwo take ƙarawa.

Daga asibitin gari aka tura su Tashkent, aka yi mata hoton kai. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta nuna musu wani dunƙule kamar ƙwan kaza.

"Ƙari ne a ƙwaƙwalwa."

"Kansa ce, likita?" in ji Davron.

"Ba kowane ƙari ne kansa ba. Wannan ga alama ba mai saurin yaɗuwa ba ne, sai mun cire mun auna za mu tabbatar. Amma ƙoƙon kai rufaffe ne, duk abin da ya tsiro ciki sai ya danne na kusa da shi. Nata ta dama yake, ya danne hanyar gani, shi ya sa ba ta ganin abin da ke hagunta. Ciwon kan safe da aman duk shi ne. Wani ma har halinsa ke canzawa. Me ya hana ku zuwa da wuri?"

Ya sunkuyar da kai. "Mun ɗauka raini ne."

Ni na raka Kholida ranar tiyata. Da aka fito da yarinyar za a shiga da ita, an aske gashin nan da ke kai mata ƙugu, sai ta juyo da kai har ta gano surukarta, ta ce, "Oyijon, ku yafe mini, na kunyata ku gaban baƙi."

Kholida ta durƙushe a wurin. Tun da nake ban taɓa ganin kukanta ba, ko ranar da aka binne mijinta.

Awa bakwai aka yi. Ƙarin ya fita, ba kansa ba ce, sai dai ganin hagu bai dawo duka ba. Da aka sallame su Davron ya ce za su wuce gida, uwar ta ce a'a, a kai yarinyar gidan iyayenta, a ba ta kwana ɗaya tukuna.

Washegari ta yafa mayafi ta bi unguwarmu ƙofa ƙofa, gida ashirin da uku, duk inda ta taɓa kai ƙarar yarinyar. Da ta zo tawa ba ta ko zauna ba.

"Abin da na faɗa kan kelin ɗina ba haka ba ne. Ciwo take yi, na kira shi rashin kunya. Bakin da ya ɓata ta shi zai wanke ta."

Kunya ta kama ni, na ɗauki nawa mayafin na bi ta sauran gidajen. Sai da muka gama sannan ta je gidan iyayen da ƙafarta, ta roƙa a ba ta 'yarta.

Yau shekara goma sha tara, 'ya'yansu uku, Kholida kuma a hannun Zarnigor ta cika. Haƙurin Davron na wata ɗaya shi ya tsare aure, ya tsare rai. Ku 'yan baya, in mutumin kirki ya sauya muku hali rana ɗaya, ku kai shi likita kafin ku kai shi ƙara. Mu da muka fara da ƙara, saura kaɗan mu rasa ta.